Idan ƙarfin Hajiya ya ƙare, wa zai riƙe Auta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu tana da shekara 71, ita ke jinyar autanmu tun ranar da ta haife shi. Shekararsa 34. Shawara ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa yana jariri, ba ya tafiya, maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi ba, ga farfaɗiya. Mahaifinmu ya rasu shekara 6 ke nan, gidan da suke ciki a Kano ba a raba gadonsa ba. Mu shida ne, maza uku har da shi, mata uku. Watan jiya Hajiya ta faɗi a banɗaki tana ƙoƙarin ɗaga shi. Babban yayanmu ya ce a nema masa gidan gwamnati, ɗayan ya ce a yi masa aure, ni kuma ina aure a Kaduna. Abin da ya hana ni barci shi ne na ji Hajiya tana roƙon Allah ya ɗauki ransa kafin nata. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa wahalar nan ta shekara 34 ta zame mata nauyi a mizani.

Bari in fara da addu'ar da ta hana ki barci. Aikina gashin ƙashi ne, rabinsa kuma a gidajen mutane nake yi, wurin waɗanda ba a iya kawowa asibiti. Wannan addu'a na ji ta a bakin iyaye mata ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wata ta faɗa tana kuka, wata ta faɗa tana ba ɗan nata kunu a baki. Kada ki ɗauka Hajiya ta gaji da shi. Abin da take nufi shi ne ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga hannun da za ta bar shi a ciki ba. Nasiha ba za ta raba ta da wannan addu'a ba, lallashi ma haka. Za ta daina ne ran da ta gani da idonta, tana raye, wani ya yi masa wanka yadda take yi, ya ci abinci a hannun wani har ya ƙoshi, kuma ta tabbata ɗakin da yake kwana ba mai iya fitar da shi daga ciki. Duk abin da zan faɗa miki hanyar zuwa nan ce.

Maganar gidan gwamnati, na san babban yayanku ba da mugunta ya faɗe ta ba, amma gidan da yake hangowa babu shi. A Kano akwai Gidan Gajiyayyu na Shahuci, akwai gidan Torrey na yara masu tawayar ƙwaƙwalwa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. A Kaduna inda kike akwai na tarayya a Barnawa. Kowanne da abin da aka gina shi dominsa: na Shahuci na tsofaffi da marasa galihu, na Torrey na yara, asibitocin kuma na magani ne, a kwantar da mutum, ya samu sauƙi, a sallame shi. Baligin da sai an ɗaga shi, an wanke shi, an ba shi abinci a baki, an juya shi cikin dare, kullum har iyakar ransa, ba mu da tsarin gidajen da ke ɗaukarsa. Inda kuma aka rasa na ƙwarai, nan na banza ke cin kasuwa. Za a kawo muku labarin wani gida da ke "karɓar irinsu". Ki tuna watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa, ba a yi wata guda ba aka sake ganin irinsa a Daura. Waɗancan suna da baki, sun faɗi abin da aka yi musu. Auta ba zai iya faɗa ba.

Doka kam akwai. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya, a 2020 aka kafa hukumar nakasassu ta ƙasa. Dokar ta ce mai nakasar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati, ta kuma haramta a yi bara da nakasasshe. Ku san da wannan, ku nemi haƙƙinsa da shi. Sai dai ba ta ba shi ɗaki ba, ba ta yanka wa mai jinyarsa ko sisi ba. A Ingila dokar 2014 ta ɗora wa ƙaramar hukuma ta duba buƙatar mai jinyar shi kansa, ba ta majinyacin kaɗai ba. A Indiya tun 1999 suna da dokar naɗa waliyyi ga baligi mai irin lalurar Auta. Mu ba mu kai nan ba. Amma ki lura, ƙasashen da suka gina manyan gidajen tara nakasassu su ne suka dawo suna rufe su, bayan sun ga abin da ke samun mutumin da aka raba da unguwarsu aka jera a layin gadaje. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, cewa ta yi a sashe na 19 nakasasshe ya zauna cikin jama'a, a kai masa taimakon inda yake. Tun 1954 ma Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya gwada haka a Aro, kusa da Abeokuta, yana saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu maimakon a kulle su. Saboda haka zaman Auta a gida ba koma baya ba ne. Tsari da hannaye ne suka yi ƙaranci.

Aure kuwa, zan faɗa miki ra'ayina ba kwana-kwana. Nakasa ba ta hana aure. Na san guragu da makafi da kurame da ke riƙe da gidajensu fiye da wasu masu ƙafa da ido. Amma yadda kika siffanta Auta, abin da yayanku ke nema mai jinya ce wadda ba za a biya ba, aka sa mata sunan mata. Galibi 'yar talakawa ake nemowa, ƙaramar yarinya, a ɓoye mata rabin gaskiya a kai ta. Shekara ɗaya ko biyu ta gudu, ko ta zauna cikin ƙunci tana hucewa a kansa, wani lokacin da goyo, an ƙara wa Hajiya aiki a kan aiki. In akwai kuɗin lefe da sadaki, ku ajiye su, albashin mai jinya ne na watanni da dama.

Yanzu ga inda nake so ki fi ba ni hankalinki. Kin ambaci gidan a tsakiyar magana kin wuce, alhali shi ne gaba da komai.

Akwai wani gida a cikin birni da na yi shekaru ina zuwa. Dattijuwa ce da ɗanta, ya ɗan girmi Auta. Ɗakinsa yana kallon tsakar gida. Da safe sai ta jawo shi bakin ƙofa a kan tabarma, yaran makwabta su leƙo su gaishe shi kafin su wuce makaranta, mai ƙosai ta san rabonsa, in ladanin unguwa ya kira salla sai ya ɗaga hannu ɗaya yana murna. Fatarsa sumul, ba gyambo ko ɗaya, ɗakin ba ya zarni. Ta rasu da azumi. Ba a daɗe da sadakar arba'in ba aka sayar da gidan, don kowa da matsalarsa, wannan kuɗin makaranta, wancan bashi. Rabonsa aka ce yana hannun babban wa ana juya masa. Shi kuma aka tsara masa wata uku-uku a gidan kowane ɗan'uwa, kowa ya ce an yi adalci. Da aka kira ni a gida na biyu, na same shi a wani ɗakin ajiya can baya, fuskarsa na kallon bango, 'yan kalmomin da yake faɗa sun ɗauke, ga gyambon kwanciya a ƙugunsa wanda yatsuna biyu za su shige. Matar gidan ba muguwa ba ce. Yaranta biyar, ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake juya shi, ba kuma wanda ya shawarce ta kafin a kawo shi. Bai cika shekara biyu bayan uwarsa ba. Har yau in na bi ta layin nan raina yana ɓaci, domin ba rashin kuɗi ne ya kashe shi ba.

Mutum irin Auta, abin da ya sani na duniya yana cikin gidan nan: muryoyin da ya saba ji, inda rana ke faɗowa da hantsi, ƙarar ƙofar soro. Ran da ya rasa Hajiya ya rasa rabin duniyarsa. In aka haɗa masa da rasa gida a wata guda, an ƙwace ragowar. Don haka kada a yi karɓa-karɓa da shi. Shi ya zauna, masu kula da shi su yi ta karɓa-karɓar.

Mu yi lissafi tare. In Hajiya ce kaɗai matar mahaifinku, kuma bai bar iyaye ba, tana da tumunin takaba, ɗaya bisa takwas. Sauran a kasa tara, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Rabon Auta ya kama 7 bisa 36 na gidan, kusan ɗaya bisa biyar. Haƙƙinsa ne tun ranar da mahaifinku ya cika, nakasa ba ta rage masa ko taku guda ba. In Hajiya ta ba shi tumuninta kyauta, ya tashi da 23 bisa 72, ya kusa sulusin gida. A yawancin gidajenmu wannan ya isa a yanka masa ɗaki da banɗaki da ɗakin mai kula da shi, in akwai shago a waje a sa shi a ɓangarensa, hayarsa ta riƙa sayen magani.

Kada ku dogara da wasiyya. Iyaye da yawa sun sha ce min, "Ai na bar wasiyya ɗakin nan nasa ne." Babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun zartar, kuma wasiyya ba ta wuce sulusi. Abin da ke tsayawa shi ne kyautar da aka yi da rai da lafiya, aka karɓa, aka kafa shaidu. Wadda aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, shi ya sa nake cewa yanzu, Hajiya tana kan ƙafarta. Malamai sun yi magana a kan fifita wani ɗa a kyauta, da yawansu sun sassauta in dalilin buƙata ce irin wannan, amma abin da ya fi tsafta shi ne ku biyar ɗin ku sa hannu kun yarda.

Akwai kuma wata ƙofa da mutane ba su cika sani ba, ita na fi ganin tana warware rigima. Littattafan fiƙihun Malikiyya suna kiran ta umra, ba ta zuwa Makka ba: ka ba mutum zaman gida iyakar rayuwarsa, ran da ya rasu gidan ya dawo gare ka ko ga magadanka. Wato kowannenku yana nan da rabonsa, ba wanda ya yi asarar komai, sai dai kun rubuta cewa ba za a sayar ba, ba za a tashe shi ba, muddin Auta yana numfashi. Ɗan'uwan da ba zai iya kyautar da rabonsa ba sau da yawa yana iya wannan. In kuma akwai wanda ya matsu ƙwarai sai an fitar masa da nasa, a yi wa gidan kuɗi, masu hali a cikinku su saye rabonsa. Gara haka da a hana shi ya riƙe abin a zuciya, ran da Hajiya ta kau ya kai ku kotu.

Sai wanda zai riƙe masa dukiyar. A mazhabarmu, dukiyar wanda ba ya iya tasarrufi tana hannun uba, sai wasiyyin da uba ya naɗa, sai alƙali. Wa ba ya zama waliyyin dukiya don kawai shi ne babba. In mahaifinku bai naɗa kowa ba, ku je kotun shari'a alƙali ya naɗa, a rubuce, da sharaɗin zai riƙa kawo lissafi. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a ciyar da irinsu a tufatar da su daga dukiyar, a kuma faɗa musu magana ta alheri. Masu karanta wannan da mahaifin yake raye, ya naɗa wasiyyi tun yau, wannan damar tasa ce. 'Yan'uwa Kiristoci kuma hanyarsu ita ce rubutacciyar wasiyya da amana ta hannun lauya.

Wani abu da zai iya ba ki mamaki: Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce uba yana ci gaba da ciyar da ɗansa namiji in ya balaga da nakasa, amma ba ta wajabta wa ɗan'uwa ciyar da ɗan'uwansa ba. Ban kawo wannan don in samar wa kowa mafaka ba, haƙƙin zumunci yana nan kuma Allah zai tambaya. Na kawo ne don ki san cewa ran da aka saɓa, ba lallai kotu ta tilasta wa yayyenku ba. Abin da suke yi alheri ne, alheri kuma yana bin halin aljihu da halin zuciya, shi ya sa ake ɗaure shi da rubutu tun ana shiri. Ta ɗaya gefen kuma wannan ya buɗe muku ƙofa: tunda ciyar da shi bai wajaba a kanku ba, kuna iya ba shi zakkarku in mabuƙaci ne. Duk waɗannan ku kai su gaban malamin da ya san gado da kuma lauya, su rubuta muku yadda kotu za ta karɓa, mai unguwa da liman su shaida.

In ɗaki ya tabbata, sai hannaye. Wani gidan ɗaya daga cikin 'yan'uwa ne ke dawowa da iyalinsa. Wani gidan dangi ne marasa muhalli ake ba ɗaki kyauta a ƙara musu da albashi. Wani kuma namiji ake ɗauka ya zo safe da yamma don wanka da ɗagawa da kewayawa, matan gida su riƙe abinci da wanki. Ga baligi namiji wannan na ƙarshen ya fi kiyaye masa mutunci. Ko wanne kuka zaɓa, in da matar wani a ciki, ki keɓe da ita ku biyu ki tambaye ta, ba a gaban mijinta ba, ba a gaban Hajiya ba. A taro maza ke cewa "mun ɗauka", a gida mata ke ɗauka. In ta ce ba za ta iya ba, ki gode mata da ta faɗi gaskiya. In ta ce za ta iya, a biya ta, ko da 'yar'uwa ce. Mutanenmu suna jin kunyar biyan dangi, suna ganin lada ya isa. Lada yana nan, amma wadda ke wanke kashin baligi sau uku a rana tana da haƙƙin abin hannunta da ranar hutu, in ba haka ba wata shida ya yi yawa za ta fara jin haushinsa. Kuma mai riƙe kuɗi daban, mai jinya daban, sannan wani na uku ya riƙa faɗowa ba sanarwa, ya buɗe zane ya duba ƙugu da duwawu da diddige. Fata ba ta ƙarya. Waɗanda tasu mace ce, su ninka wannan sa ido, don macen da ba ta iya magana ita mugu ke fara nema, kuma sau da yawa ba daga waje yake zuwa ba.

Ga aikin da ke kanki ke, wanda nisan Kaduna ba zai hana ba. Duk ilimin jinyar Auta yana cikin kan mutum ɗaya, ba a rubuce ko'ina ba. Ki sayi littafi mai kaurin bango, ki nemi izinin maigidanki ki zo ki kwana uku a ɗakin Hajiya, ki bi ta da biro daga asuba zuwa asuba. Wane sauti ne ƙishirwa, wanne ne ciwo, wanne ne yana son a fitar da shi waje. Kaurin kunun da ba ya shaƙe shi. Wane cokali, ta wane gefen baki. Me take gani a idonsa ko hannunsa kafin farfaɗiya ta tashi. Kwana nawa yake yi bai yi bayan gida ba kafin ta damu, me take ba shi. Me ke kwantar masa da hankali in ya rikice. Sunan kowane magani, ƙarfinsa, lokacinsa, asibitin da lambar katin. Za ki sha mamaki, domin rabin abin ita kanta ba ta san ta sani ba, hannunta ne ke yi. Wata dattijuwa na tambaye ta yadda take gane ɗanta ba shi da lafiya, ta ce ba ta da wata alama. Muna zaune sai na ga ta kai bayan hannunta wuyansa, ta shinshina bakinsa, ta ɗaga fo ta duba launin fitsari, duk cikin hira, ba ta ma lura ba. Irin wannan ki ɗauka da waya, yadda take zaunar da shi, yadda take tallafe haɓarsa in zai haɗiya.

Sannan a fara miƙa aikin da kaɗan-kaɗan. Hajiya za ta ƙi. Za ta ce ba wanda ya iya sai ita, kuma a yau gaskiyarta ce. Kada ku ce mata "ki huta, kin tsufa", wannan kamar an ce mata amfaninta ya ƙare ne. Ku ce, "Hajiya, koya mana." Ta zauna a kujera tana ba da umarni, wani yana yi. A fara da wanka, tunda shi ya kayar da ita. Bayan makonni a ƙara da abincin rana. In an saba, ki ɗauke ta zuwa Kaduna kwana ɗaya, gaba kwana uku, gaba mako. Karon farko zai iya ƙin abinci, ita ma ba za ta yi barci ba, za ta ce a mayar da ita. Ku daure. Gara ya koyi rashinta alhali za ta dawo. Mutum biyu aƙalla su iya komai, saboda mai jinya ma yana rashin lafiya, yana tafiya biki. Kuma ran da ta Allah ta kasance, kada a ɓoye masa a ce ta yi tafiya. A faɗa masa da kalmomin da yake ganewa, a bar shi cikin zaman makoki. Na ga wanda ya yi shekara yana kallon ƙofa yana jira.

Gyaran gida ba ya cin kuɗi kamar yadda ake tsoro. A fasa dokin ƙofa. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90 don keke ya wuce. Inda akwai tudu a yi gangara, kowane santimita 10 na tsayi a ba shi santimita 120 na tsawo, in ta fi haka tsayuwa mai turawa ne zai sha wuya. In a ƙasa yake kwana a ɗaga shi kan gado mai tsayi daidai da kujerar keken, domin ɗagowa daga ƙasa ita ke karya bayan masu jinya. Mai walda zai haɗa muku kujera mai rami da tayoyi, a tura ta kan masai, a yi masa wanka a kanta, ba sai an sauke shi ba. A cire tayil mai santsi a banɗaki, a kafa ƙarfen riƙewa a bango, wannan har Hajiya zai amfana. In ba ya juya kansa, a juya shi duk awa biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi. Abinci a zaune, ya ƙara rabin awa a zaune bayan ya gama, don abincin da ke sulalewa huhu yana cikin abubuwan da suka fi kashe irinsu.

Maganin farfaɗiya ba a yanke shi rana ɗaya. Ko carbamazepine yake sha, ko phenobarbitone, ko valproate, yankewa kwatsam tana iya tayar da farfaɗiyar da ba ta tsayawa. Ku riƙa ajiye na wata guda gaba. Kowa a gidan ya san in ta tashi a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai, in ta wuce minti biyar a tafi asibiti. A manna takarda a bango: in an kwantar da Hajiya asibiti yau da dare, wa zai kwana da Auta, wa za a kira, wa ke da mota.

Kuɗi kuma ku zauna ku lissafa na wata: magani, famfas ko ƙyallaye da sabulu, abinci, albashi, kuɗin mota zuwa asibiti. Ku buɗe asusu guda mai sa hannun mutum biyu, kowa ya faɗi abin da zai iya ba don ganin ido ba, ya riƙa turawa ranar da ya ɗauki albashi. Ƙaramin abin da ba ya yankewa ya fi babban da ke zuwa sai da salla. Ku yi masa lambar zama ɗan ƙasa in ba shi da ita, don ba abin da za a nema masa a hukuma ba tare da ita ba. Ku je hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano ku nemi a sa shi da Hajiya a tsarin marasa galihu, ku kai takarda Hukumar Zakka da Hubusi. Abin da ya samu daga nan ƙari ne, kada ku gina lissafin a kansa.

Kada kuma a yi duk wannan a bayan idon mai abin. Ba ya magana sosai, amma yana da wanda in ya shigo fuskarsa ke washewa, da wanda in ya ji muryarsa jikinsa ke sandarewa. Kafin ku tsayar da mai jinya, ku kawo shi ya yi kwanaki, ku kalli Auta. Wannan ita ce ƙuri'arsa, a ƙirga ta.

Ki kira taron ku shida da Hajiya da wani kawu da kowa ke jin nauyinsa, ki je da lissafin gadon da na wata a rubuce, don kada a tashi da "Allah ya rufa asiri" kawai. In yayyenki suna jin nauyin a yi maganar gado uwa tana raye, ki tuna musu gadon mahaifinku ne, ya shekara 6 yana jira. Amma abu ɗaya ba ya jiran taro: daga wannan makon Hajiya kada ta sake ɗaga shi ita kaɗai, ko da saurayi ɗaya za ku biya a unguwa ya riƙa zuwa safe da yamma. Ki kuma tambaye ta ta wane gefe ta faɗi. In ƙugu ko matsematsi na yi mata ciwo in ta taka, a kai ta asibitin ƙashi na Dala a ɗauki hoto, domin tsofaffi sukan samu tsagewar ƙashi su yi ta yawo da ita ba su faɗa ba, balle uwar da ta san in aka kwantar da ita ba mai ba ɗanta abinci.